Rawar Ƙanƙara: Ba A San Maci Tuwo Ba Sai Miya Ta Ƙare

Mai karatu, na san da ganin kan wannan rubutu za ka ce me ya haɗa kifi da kaska. Ina ruwan ɗalibin Hausa, wanda bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a akwatin talabijin, da wasan mutanen ƙasashen sanyi? Ka yi mini haƙuri ka biyo ni sannu a hankali. Ni dai ɗan mai ƙanƙara ne. Da kuɗin ƙanƙara aka yi mini suna, da shi aka sa ni makaranta, kuma shi ne ya kawo ni wannan jami'a.

Mahaifina yana da shago a unguwar Sabo ta Ibadan, mai manyan firiza guda uku. Tun ina ɗan shekara goma aikina ne in ɗura ruwa a leda da daddare in jera a firiza, da sassafe kuma in sallami masu zoɓo da masu kunun aya da masu kifi. A gidanmu ƙanƙara dukiya ce mai ƙafa. In aka ɗauke wuta kwana biyu, sai ka ga jarin mutum yana bin kwata. Saboda haka ban taɓa ɗaukar ta abin wasa ba, balle abin rawa.

A watan Fabrairu na 2018 aka yi gasar Olamfik ta lokacin hunturu a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu, wadda ita ce ta farko da Nijeriya ta shiga. 'Yan mata huɗu ne suka wakilce mu: Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga a tseren wani akwati mai zamiya da ake turawa a faɗa ciki, sai Simidele Adeagbo wadda take kwanciya rub da ciki a kan wani ɗan faifai ta gangaro. Don mu gan su ne muka bar talabijin ɗin shago a tashar wasanni. Muna cikin jira sai aka nuno wani fili fari fat, ga wani saurayi yana shawagi a kansa kamar shirwa. Baba ya ajiye buta, ya matso ya ƙura wa talabijin ido.

"Kai, yaro, wannan duk ƙanƙara ce suke takawa da takalmi?"

Na ce, "Ita ce, Baba."

Ya girgiza kai ya ce, "Da a ce watan azumi ne aka ba ni rabin filin nan, ai da bana na sauke farali."

Saurayin nan shi ne Yuzuru Hanyu na ƙasar Japan, wanda a wannan gasa ya ci zinare karo na biyu a jere, abin da ba a ga wani namiji ya yi ba tun Dick Button na Amurka a 1948 da 1952. Da ya gama, 'yan kallo suka yi ta jefo masa 'yan tsana kamar ana yi wa mawaƙi liƙi. Ƙanwata ce ta raɗa wa wasan suna rawar ƙanƙara, kuma da wannan suna zan ci gaba da kiran sa. Tun daga ranar ya shiga raina. Da na samu wayar hannu, sai na riƙa bin tsofaffin gasanni a YouTube ɗaya bayan ɗaya. Guda uku daga cikinsu nake son in ba da labari, domin kuwa sun zo sun tarar da ni a wani hali da ban taɓa zato ba.

Yadda Wasan Yake

Kafin nan, ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake. Filin ƙanƙarar yana da tsawon mita 60 da faɗin mita 30. Ɗan wasa yana sanye da takalmi wanda aka ɗaura wa wani siririn ƙarfe a ƙasa, kaurinsa kimanin milimita 4 ne. A kan wannan ƙarfe zai yi gudu gaba da baya, ya yi juyi kamar katantanwa, ya yi tsalle, duk yana bin kiɗa.

Ga mai yin wasa shi kaɗai, gasar kashi biyu ce, kuma a ranaku daban-daban ake yin su. Akwai gajeren wasa, wanda bai kai minti uku ba, sannan akwai dogon wasa mai kimanin minti huɗu. Makin ranakun biyu ake haɗawa a fitar da gwani. Wato duk wanda ya yi ɓarna a ranar farko, da ita zai kwana, kuma da ita zai shiga fili a rana ta biyu. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan.

Tsalle iri shida ne. Mafi wuya shi ne Aksel, wanda ya samo suna daga Axel Paulsen ɗan ƙasar Norwe da ya fara yin sa a 1882. Sauran biyar ɗin da baya ake tashi, da baya ake sauka. Shi kuwa Aksel da gaba ake tashi a sauka da baya, don haka kullum yana da ƙarin rabin juyi. Idan aka ce Aksel mai uku, ana nufin mutum ya juya sau uku da rabi a sama cikin ƙasa da sakan ɗaya, ya dira a kan ƙafa ɗaya yana tafiya da baya. Mace ta farko da ta yi shi a gasa ita ce Midori Ito ta Japan, a 1988.

Sarayebo, 1984

Wasan da na fara so shi ne na Jayne Torvill da Christopher Dean, 'yan garin Nottingham na Ingila, masu rawar bibbiyu. Ita ma'aikaciyar kamfanin inshora ce a da, shi kuma ɗan sanda. Ranar 14 ga Fabrairu, 1984, a gasar Olamfik ta Sarayebo da ke tsohuwar ƙasar Yugoslabiya, suka yi rawa da wani kiɗa mai suna Bolero na Maurice Ravel ɗan Faransa.

Kiɗan dogo ne ƙwarai. An yi ta rage shi har ya tsaya a minti 4 da sakan 28, alhali doka ba ta yarda a wuce minti 4 da sakan 10 ba. Sai suka lura cewa ba a fara ƙirga lokaci sai an fara zamiya da takalmi. Don haka suka buɗe wasan a durƙushe, suna karkaɗa jiki kawai, har sakan 18 suka wuce kafin su miƙe. Wayo ke nan a cikin doka. Daga nan kiɗan ya yi ta hawa, su ma suna hawa tare da shi kamar jiki ɗaya, har suka zube a kan ƙanƙara a ƙarshe.

A wancan zamani maki mafi girma shi ne 6.0. Alƙalai tara ne, kuma a ɓangaren kyan wasa dukkansu tara suka ba su 6.0, ban da wasu uku da suka samu a ɓangaren ƙwarewa. Mutum fiye da miliyan 24 ne suka kalla a Birtaniya. An daina amfani da wannan tsarin maki a 2004, bayan rigimar alƙalanci da ta tashi a gasar Olamfik ta 2002, saboda haka ba za a sake ganin irin wannan jeri na shida-shida ba.

Ba zan ɓoye ba, abin da ya sa na so wannan wasa shi ne haka nake ganin kaina. Tun daga firamare ban san faɗuwa ba. Da na shigo Sashen Hausa kuwa, na tarar yawancin 'yan ajinmu Yarabawa ne da Ibo da sauran ƙabilu waɗanda a aji suka fara koyon sannu da ina kwana, sai na ce abin nema ya samu. Ni da na sha Hausa a nono, wa zai ja da ni?

Ranar Da Na Zame

A shekara ta biyu muka haɗu da kwas ɗin tsarin sauti. Duk wanda ya wuce ta wannan hanya ya san ta. Akwai gwajin tsakiyar zango mai maki 30, sai babbar jarrabawa mai maki 70. A shekarar wani bawan Allah ya yi alkawarin biyan kuɗin makaranta na shekara guda ga duk wanda ya fi kowa maki a wannan kwas. A daidai lokacin kuma wuta ta zo da ƙarfi wani dare ta ƙone wa Baba firiza biyu daga cikin uku. Na buga masa waya na ce, "Baba, kada ka damu da kuɗin makarantata na baɗi. Ka ɗauka an biya." Ya ce, "Allah Ya yi maka albarka." Har ya gaya wa abokansa na bakin shago.

Duk da haka ban ga dalilin zama a aji ana koya mini harshena ba. Malam yana can yana bayanin karin sauti na sama da na ƙasa da mai faɗuwa, da dogon wasali da gajere, ni ina kujerar baya ina taɓa waya. Ranar gwaji aka ba mu jerin kalmomi aka ce mu sa musu alamar karin sauti da tsawon wasali. Nan ido ya raina fata. Na san kukan yaro daban, kukar miya daban. Na san garin Kano daban, garin tuwo daban. Bakina bai taɓa kuskuren su ba ko a mafarki. Amma da aka ce in nuna a takarda inda murya ta hau da inda ta sauka, sai na ji kamar an ce in nuna wa mutane ƙeyata da idona. Na yi ta maimaita kalma a zuci har ta daina kama da Hausa. Daga ƙarshe na bi su da canke.

Bayan mako biyu aka kafe sakamako. Na ci 4. Wata Bayarabiya 'yar ajinmu, wadda ko shekara biyu ba ta cika da fara Hausa ba, ta ci 26. Na tsaya a gaban allon na yi lissafi: ko da zan cinye maki 70 ɗin jarrabawa duka, abin da ba ya yiwuwa, 49 kawai take bukata ta wuce ni. Kyauta dai ta tafi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu wanda ya yi mini dariya. Shiru kawai suka yi, wasu har da ce mini sannu.

Nagano, 1998

Kwana uku ban shiga aji ba. Ina kwance a ɗaki ina zargin kowa ban da kaina. Na ce malam ne ba ya so na. Na ce wannan sa alama ma ai Turawa ne suka ƙirƙiro don kansu, Bahaushe ba ya bukata. A cikin wannan hali na yi ta maimaita kallon wasan Surya Bonaly.

Bonaly baƙar fata ce 'yar Faransa, an haife ta a birnin Nice a 1973. Ta ci gasar Turai sau biyar a jere, daga 1991 zuwa 1995, kuma ta zo ta biyu a gasar duniya sau uku, a 1993 da 1994 da 1995. A ta 1994, wadda aka yi a Japan, ta ga kamar an danne mata haƙƙi, har ta cire lambar azurfar daga wuyanta a gaban jama'a. A 1996 agarar ƙafarta ta tsinke. Da wannan rauni ta lallaɓa ta zo gasar Olamfik ta Nagano a 1998, ta kuma kwana a matsayi na shida bayan gajeren wasa.

A dogon wasa ta faɗi a wani tsalle, ta tabbata babu sauran lamba a gabanta. Sai kawai ta ɗauki gudu da baya, ta tashi sama ta yi alkafura, ƙafafu a sama kai a ƙasa, ta dira a kan ƙafa ɗaya. Tun da daɗewa aka haramta wannan alkafura a gasa, kuma ta san za a rage mata maki. Ɗakin ya ɗauki sowa. Da ta gama sai ta fuskanci 'yan kallo ta ba alƙalai baya. Ta ƙare a ta goma. Sai a 2024 hukumar wasan ta duniya ta ɗage wannan haramci.

Na ce yauwa, ga tawa! Ni ma haka zan yi. Ranar jarrabawa zan shiga in ajiye tambayoyin gefe, in cika musu takarda da bayanin cewa ɗan asali ba ya bukatar alama, in miƙa in fita, in ya so su ba ni sifili. Daga nan in koma Sabo in taya Baba aiki. Har na fara tsara kalmomin da zan rubuta.

Amma a dare na uku, ina sake kallo, sai wani tunani ya zo mini wanda bai yi mini daɗi ba. Matar nan da ta ba alƙalai baya, ta riga ta nuna musu sau biyar cewa babu kamarta a Turai. Abin da ta yi kuma ya fi abin da suke tambaya wuya, kuma tun tana ƙarama take horo a wasan alkafura kafin ta iya shi. Ni fa? An tambaye ni abu ban sani ba. Nata zuciya ce ta gwani. Nawa da na yi, sunansa borin kunya.

Sochi, 2014

A daren nan ne na koma kan wani wasa da na taɓa gani na wuce, domin a da ba na ɓata lokaci a kan wanda bai ci lamba ba. Wasan Mao Asada ne.

An haifi Asada a Nagoya ta Japan ranar 25 ga Satumba, 1990. Tana da shekara 15 ta doke manya a wata babbar gasa a ƙarshen 2005, amma ba a bar ta ta je Olamfik ta 2006 ba, saboda shekarunta sun gaza ƙa'ida da kwana 87. A Olamfik ta 2010 a Vancouver ta Kanada ta yi Aksel mai uku har sau uku a gasa ɗaya, abin da wata mace ba ta taɓa yi ba, duk da haka azurfa ta samu. Kim Yuna ta Koriya ta Kudu ce ta ɗauki zinare da maki 228.56.

Abin da ta yi bayan nan shi ne ya tsaya mini a rai. Tana riƙe da kambin duniya, amma ta je wurin wani dattijon mai horarwa, Nobuo Sato, ta koma koyon tsalle daga tushe kamar 'yar koyo, don ta gyara kurakuran da suka bi jikinta tun ƙuruciya. Ta sha faɗuwa a bainar jama'a. A gasar duniya ta 2011 da ta 2012 ta shida ta zo. A watan Disamba na 2011 kuma mahaifiyarta ta rasu, tana hanyar dawowa gida daga wata gasa a Kanada. Duk wannan ta jure saboda zinaren Sochi ta ƙasar Rasha.

Ranar 19 ga Fabrairu, 2014, ta shiga gajeren wasa. A tsallen farko, wato Aksel mai uku, wanda ita kaɗai ce macen da ta sa shi a wasanta a wannan gasa, ta faɗi. Daga nan komai ya rikice, sauran tsallen ma ba su yi kyau ba. Aka ba ta maki 55.51, ta zama ta 16. Kim Yuna da ke kan gaba tana da 74.92. Aikin shekara huɗu ya rushe cikin ƙasa da minti uku. Har wani tsohon firayim ministan ƙasarta, Yoshiro Mori, ya fito ya yi mata gorin cewa kullum a lokacin da ya fi muhimmanci take faɗuwa.

Washegari ta dawo. Saboda tana can ƙasa a jeri, da wuri aka kira ta, tun kafin masu neman lamba su fito. Ba wanda zai zarge ta da ta sauƙaƙa wa kanta, ta cire tsallen da ya kayar da ita jiya, ta lallaɓa ta gama ta tafi gida. Aka sa kiɗan Rachmaninoff, mawallafin kiɗa ɗan Rasha. Ta zagaya filin, ta juyo ta fuskanci gaba, ta tashi. Aksel mai uku ne dai, wanda ya kunyata ta jiya a kan wannan ƙanƙara. Ta dira daram.

Daga nan ta yi ta jero su. Tsalle mai juyi uku har guda takwas ta yi, ta taɓo dukkan iri shida, ba ta faɗi ko sau ɗaya ba, ko da yake alƙalai sun rage mata maki a wasu da suka ga juyin bai cika ba. Wajen ƙarshe, inda take ratsa filin da taku mai sauri, jama'a suka ɗauki tafi suna bin kiɗan. Da kiɗa ya tsaya ta ɗaga kai sama, fuskarta ta yamutse, ta fashe da kuka. Sannan ta yi murmushi ta gaishe da mutane. Ta samu 142.71, makin da ba ta taɓa samu ba a dogon wasa, kuma na uku a wannan rana. Da aka haɗa da ɓarnar jiya, ta shida ta zo. Ko tagulla ba ta samu ba.

Na kalli wannan wasa sau huɗu a jere, ina tambayar kaina: don wa ta yi? Zinare ya riga ya tafi tun jiya, kuma ta fi kowa sani. A nan na gane abin da Hausawa suke nufi da suka ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Torvill da Dean sun ci tuwonsu da miya har da man shanu, kuma sun cancanta. Asada gaya ta ci, ta kuma cinye tas. Wata guda bayan haka ta ci gasar duniya karo na uku a Saitama ta Japan, amma ita ba ta san da wannan ba a lokacin da take tsaye a tsakiyar filin Sochi tana jiran a sa kiɗa. Ta yi ritaya a 2017 ba tare da zinaren Olamfik ba.

Durƙusa Wa Wada

Da gari ya waye na yi abin da ya fi mini komai nauyi a rayuwata. Na sami 'yar ajin nan tamu a ƙarƙashin bishiyar da ke gaban sashe, na gaishe ta, na ce, "'Yar'uwa, alfarma na zo nema. So nake ki koya mini karin sauti."

Ta dube ni ta ce, "Haba Malam, ni zan koya maka Hausa? Kai da nake tambaya ma'anar kalmomi?"

Na ce, "Bakina ya iya, kunnena ne bai iya ba."

Ba ta yi dariya ba, Allah Ya saka mata da alheri. Ta ce su tun suna firamare ake koya musu sa alamar karin sauti a rubutun Yarabanci, da do da re da mi, don haka kunnensu ya saba. Ta ce in rufe baki in faɗi kalmar da hanci kawai, ba baƙi ba wasali, in saurari abin da ya rage. Na gwada da kukan yaro, na ji murya ta tsaya a sama ba ta motsa ba. Na gwada da kukar miya, na ji ta hau ta sauko. Shekara ashirin ina faɗin waɗannan kalmomi, sai ran nan na ji su.

Mako shida muka yi, kullum bayan la'asar. Ina tafe a hanya ina gunji da hanci kamar mai ciwon haƙori, har abokan ɗakina suka fara tambaya ko lafiya. Na koma kujerar gaba a aji. Wasu 'yan'uwana Hausawa na wasu sassa suka yi ta yi mini tsiya, wai ga Bahaushen da Bayarabiya take koya wa Hausa. Ya yi mini zafi, ba zan ce bai yi ba. Amma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle ma a wannan fage ni ne wadan.

A jarrabawa na ci 55 cikin 70. Da aka haɗa da 4 ɗina na samu 59. Ita ce ta ɗauki kyautar, kuma ta cancanta. Da na je hutu na zauna a gaban Baba na gaya masa komai, tun daga kujerar baya har zuwa allon sakamako, kaina a sunkuye. Ya daɗe bai ce komai ba. Na san abin da yake lissafawa, domin sai da ya ci bashi wurin ƙaninsa kafin a biya kuɗin wannan shekara, kuma bashin bai gama biyuwa ba har yanzu da nake wannan rubutu. Can ya nisa ya ce, "Ka cuce ni da ka sa na yi baki a gaban mutane. Amma da ka gudo gida, da ka fi cuta ta. Kai ɗan mai ƙanƙara ne. In ta narke a leda, zubarwa muke yi?"

Na ce, "A'a, Baba. Mayarwa muke yi firiza."

Ya ce, "To, tashi ka ɗura ruwa."

Kammalawa

Ban rubuta wannan don in ce faɗuwa alheri ce ba. Faɗuwata ta jawo wa mahaifina bashi, kuma sakacina ne ya jawo ta. Asada ma na tabbata da za a ba ta zaɓi, da ba ta zaɓi faɗuwar ranar farko ba. Abin da nake cewa shi ne, gasar kwana biyu ce, kuma mutum ba ya sanin ko yana son abu don kansa ko don kyautar da ke kansa sai ranar da kyautar ta kuɓuce.

Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman mu da muka tashi da Hausa a baki, da mu sani cewa jin harshe daban, nazarinsa daban, kuma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ku kuma 'yan'uwa da kuka zo koyon harshen nan daga wasu harsuna, kada ku ji kunyar karyewar harshe a gabanmu, domin akwai abin da kunnenku yake ji wanda namu bai ji ba. Wanda duk allon sakamako ya ba shi kunya a wannan zango, ya nemi wasan Mao Asada na ranar 20 ga Fabrairu, 2014. Amma ya fara kallon na ranar 19 tukuna, sannan ya shigo aji ranar Litinin. Akwai wuri a kujerar gaba, kusa da ni.